Mai Taka Birkin

La'asar ta yi sanyi lokacin da bakaniken ya tsaya a shagon mai kayan mota, ya ce a yanko masa bututun birki mita biyu, a haɗo da gwangwanin man birki ɗaya.

"Na wace mota ce?" in ji mai shagon.

"Ta gida."

Mai shagon bai ƙara tambaya ba. Duk layin babu wanda bai san labarin motar gida ba.

Tsohuwar mota ce mai ruwan toka, ta matarsa, malamar makaranta. Da ita take zuwa aiki kullum, tana yi masa tsiya wai ita ce matar bakanike, amma motarta ta fi ta kowa tari. Wata tara da suka wuce ta ce masa, "Injiniya, birkin nan fa sai na kai ƙafata har ƙasa yake kamawa." Ya leƙa, ya ga tsatsa ta ci bututun, mai yana tsattsafowa. Ya goge wurin da tsumma, ya ce ranar hutu zai canza, don motocin mutane sun cika masa gareji. Kwana uku tsakani, a gangaren gada, bututun ya fashe. Motar ba ta samu wani lahani sosai ba, fitila ɗaya ta fashe, gaban ya ɗan lotsa. Amma sitiyari ya sami matar a ƙirji, ko asibiti ba a kai da ita ba.

Tun daga ranar motar ke ƙuryar gareji cikin tamfol. 'Yarsu tilo, mai karatun jinya, ta sha roƙonsa ya sayar wa masu tsohon ƙarfe. Shi kuwa ya ce motar ba za ta bar hannunsa da wannan bututun a jikinta ba.

Da ya dawo, abokan aikinsa duk sun tashi. Ya ja ƙofar kwano ya rufe, ya yaye tamfol. Ƙura ta tashi, warin tsohuwar roba ya biyo ta. Ya ɗora bayan motar a kan gungumen katako, gaban kuma ya bar wa jak. Ya kwanta a kwali ya shige ƙarƙashi, 'yar tocila a bakinsa.

Ga tsohon bututun nan, da tsagar da ba ta fi farce ba. Ya daɗe yana shafa ta da yatsa. Sannan ya sa sifana ya kwance, ya lanƙwasa sabon daidai da shi, ya ɗaura, ya cika ɗan tankin da mai. Aikin da bai ci awa ɗaya ba.

Saura fitar da iska daga bututun, wannan kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe noti. Shekara ashirin da biyu, duk ranar da aiki ya kai shi magariba, ita ce ke zama a kujerar tana duba littattafan 'yan ajinta, tana taka masa.

Rana ta faɗi. Hasken da ke shigowa ta hujojin kwano ya koma ja, sannan ya dushe. Ya ɗora sifana a kan notin tayar baya, bakinsa ya riga tunaninsa.

"Taka," ya ce.

Ƙiiii. Birkin ya sauka.

Ya ɗauke numfashi. Kujera ba ta yi ƙara ba, motar ba ta nutsa ba kamar yadda take yi idan mutum ya zauna. Sai wani ƙamshi da ya sauko ya danne warin mai, ƙamshin sabulun da take wanka da shi.

"Na taka, Injiniya," aka ce a hankali. "In riƙe?"

Muryarta ce, har da 'yar dusashewar nan ta mai wuni tana magana da yara. Addu'a ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

"Riƙe," ya ce.

Ya buɗe noti. Mai ya feso da kumfa. Ya rufe.

"Saki."

Ƙiiii.

Haka suka gama tayar farko, suka gama ta biyu, suka koma gaba. Iska ta daɗe da fita, amma bai daina ba. Taka, riƙe, saki. Hawaye na gangara masa ta gefen ido suna shiga kunne. Bai tashi ya ƙara mai a tankin ba ko sau ɗaya, man kuma bai ƙare ba.

"Ki yafe mini," ya ce. "Aikin awa ɗaya ne. Awa ɗaya kacal."

"Ka rame," aka ce daga sama. "Ba ka cin abinci."

Ya ja jiki zuwa taya ta ƙarshe, ta wajen direba. A nan tsatsa ta huda ƙasan motar, rami kamar tafin hannu, daidai inda ƙafar direba ke zama. Tocila ta haska ciki.

Birkin yana ƙasa, a danne. Babu ƙafa a kansa.

Man da ke ɗiga masa a hannu da ɗumi yake, kuma ya yi kauri.

Sssss.

Jak ne. Yana saki a hankali, ba wanda ya taɓa shi. Ƙarfen motar ya taɓa masa goshi, da sanyi kamar ƙanƙara.

"Kada ka fita," in ji muryar. Yanzu ba daga kujera take zuwa ba, a gefen kunnensa take. "Ka gaji. Kwanta nan kusa da ni."

Ya rufe ido. Ƙarfe ya sauko kan ƙirjinsa. Bai motsa ba, kuma ba tsoro ne ya hana shi ba.

"To, 'yarmu fa?" ya ce da raɗa. "Wa zan bar wa ita?"



"Wace 'ya?" in ji muryar.

Ya kira sunan Allah da iyakar ƙarfinsa, ya tokare taya da ƙafa, ya wurga kansa waje. Motar ta faɗo da wata irin ƙara, ta kama masa hannun hagu. Ya fizge, ya bar yatsu biyu a ƙarƙashinta.

Ya rarrafa zuwa ƙofa. A bayansa birkin na ta sauka yana tashi, da sauri, da sauri, wani abu kuma yana kuka a cikin motar da muryar da ba ta mace ba, ba ta namiji ba.

Mai gadin layin ne ya tsince shi a bakin kwata.

Da gari ya waye masu tsohon ƙarfe suka zo da babbar mota suka janye ta. Bakaniken ya koma aiki bayan wata biyu da yatsu takwas. Yanzu rana na karkata yake sa kwaɗo a gareji, ko motar wa ke ciki.

'Yarsa ce ta riƙa wanke masa ciwon. Sai da ya fara warkewa ya ba ta labarin duka. Ta saurara tana naɗe bandeji, ba ta ɗago kai ba.

"Baba, ka san wanda ya tafi ba ya dawowa. Aljani ne ya ari muryarta."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kalmar farko."

"To, don me ka amsa masa?"

Ya dubi hannunsa.

"Wata tara ban ji ta ba, 'yar nan. Ban so ta yi shiru ba ne."

Ta ƙulle bandejin. Sannan ta kifa kanta a gwiwarsa, ya ɗora mata hannun mai lafiya, suka zauna a haka har ruwan wankin ciwon ya huce.