Waƙar Niƙana a Bakin Wata

"Atika, kwana ukku ke nan ban ji muryarki ba. Mi na yi miki?"

Mijina ne ke tambaya. Na ci gaba da niƙa gerona, idona a ƙasa.

Mijina Siddiƙu baduku ne a Ƙofar Marke, shekararmu biyu da aure. Ni mai kunya ce, ko a gaban innata ba na ɗaga murya. Amma ina da waƙa guda da na tsara da kaina, ina yin ta in ina niƙa. A cikinta nake gaya masa abin da bakina ya kasa faɗa, kuma shi kaɗai ya taɓa jin ta.

A shekarar wani tsohon Bature ya sauka a Sabon Gari. Ba soja ba ne, mai wa'azin Kirista ne. Ana ce masa Mai Akwati, saboda akwatin kiɗansa da ake takawa da ƙafa yana shaƙar iska kamar zugazugin maƙeri. Zafin Sakkwato ya tsaga fatar cikin akwatin, aka kira mijina ya sa sabuwa.

Kullum sai ya dawo da labarin tsohon. Wai ɗan masaƙi ne a Ingila. Ya ƙi bin cocin sarkinsu, ya riƙa wa'azi a fili, har aka taɓa jifansa. Ya tsara waƙoƙin addininsu sun fi ɗari biyu. Matarsa ta rasu a Lakwaja da zazzaɓi. Turawan bariki ma ba sa son shi, sun hana shi wa'azi a cikin birni.

Ina jin tausayinsa, har ranar da wata Bayarabiya mai tallar manja ta shigo gidanmu. Doguwa, ga wushirya. Tana auna mini manja tana rera wani abu a hanci... waƙata ce. Kalmomin ba nawa ba ne, amma muryar, wato karin waƙar, tawa ce.

Na tambaye ta inda ta samo. Ta yi dariya ta ce ai maigidana ne ke yin ta in yana ɗinki a gidan Bature, su mabiyansa suna zaune suna ji. Bature ya so waƙar, ya sa mata baitocinsa, yanzu duk Lahadi ita ke ja musu.

Suna zaune suna ji. Ita ke ja. Abin da na ɓoye masa shi kaɗai, ga shi a bakin mai wushirya.

Tun ranar na daina yi wa mijina magana. A rana ta huɗu na naɗe tufafina na yi yaji zuwa gidanmu a Ƙofar Dundaye, na ce wa Inna Iyatu ba zan koma ba. Ta ce ta ga mai yaji kan cefane, amma kan waƙa sai ni.

Bayan kwana biyu mijina ya zo biko, kuma da Baturen ya zo. Suka tsaya a zaure, ni ina bayan bango. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ɗan biko mai jan kunne ba.

Mijina ya rantse bai san yana rerawa ba, bakinsa ne ya saba. Ya ce bai taɓa faɗin baitina ko ɗaya ba, murya kawai aka ji.

Tsohon ya yi magana da Hausarsa mai ɗingishi. "Ɗiyata, na ɗauki abu ban tambayi mai shi ba. Matata ma tana waƙa in tana wanki. Na rubuta waƙa ɗari biyu, tata ban rubuta ba... yanzu na manta ta." Ya miƙa wa Inna takardar da ya rubuta muryar, ya ce tawa ce, ba za su ƙara yin ta ba. Sai ya roƙi alfarma guda: in rera ta sau ɗaya daga bayan bango, ya ji ta daga bakin mai ita.

Kafin in yi tunani mijina ya miƙe tsaye.

"A'a, Bature. Akwati na gyara maka. Muryar matata ba ta kowa ba ce."

Inna ta tafa hannu. "Ashe ciwon kishin nan ku biyu ya kama!"

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce da shi ne ma haka zai ce. Ni kuwa na danne baki da gyale.

Da la'asar muka kama hanyar gida, yana gaba ina biye. Sai da muka kusa Ƙofar Marke na samu ƙarfin hali.

"Maigida... Bayarabiyar nan mai wushirya, kyakkyawa ce ko?"

Bai waiwayo ba. "Wace Bayarabiya?"

Na san ƙarya yake yi, amma na ƙyale shi.