Hotuna Goma Sha Takwas na Ɗakin Malama

Da safiyar Litinin Malam Abdulwahab, mai Islamiyyar matan aure ta Yalwawa, ya shigo ofishin Insifekta Ɗayyabu Isah riƙe da waya kamar ya ɗauko garwashi.

"Yallaɓai, an sace mana mutunci."

Hotuna goma sha takwas ne na ɗalibansa, a ɗakin matarsa, ranar Asabar da aka yi walimar saukar Alƙur'ani. Wata ba ɗankwali, wata tana shayarwa. Tun jiya suke yawo a wayoyin Dutse. Insifekta ya duba uku ya kife wayar.

"Wa ya shiga ɗakin?"

"Namiji ko ɗaya bai shiga ba. Gidana ba a shiga. Shi ya sa muka ɗauko mace mai hoto, Hindatu. Kyamara tata ce, to wa za a tambaya?"

Mazajen matan sun riga sun kawo Hindatu da kansu, tana tsare a bayan kanta. Shugaban ofishin ya ce jibi a kai ta kotu. Idan mutum arba'in suka yarda da magana ɗaya, ba kasafai ake samun mai sake dubawa ba.

Aka fito da ita, idanu sun kumbura.

"Ke kika ɗauka?"

"Wallahi, yallaɓai, ban ɗauka ba. Na kafa kyamarar a kan ƙafafunta don hoton ɗalibai, na fita salla."

"A kunne?"

"A kunne."

"Wani ya taɓa amfani da ita ban da ke?"

Ta sunkuyar da kai. "Sabuwa na saya a kwali."

Insifekta ya sa ta buɗe hotunan da ke cikin kyamarar. Babu ko ɗaya daga cikin na rigimar. Sai dai lambobin sun yi tsalle: daga 412 sai 431. Ya ƙirga da yatsu har sau biyu. Sha takwas cif.

Ya tafi Yalwawa. Malama Mu'minatu, matar Malam, ta amsa masa daga bayan labulen soro.

"Malama, a hoto ɗaya agogon bangonki ya nuna biyu da kwata. Ina Hindatu a lokacin?"

"Muna Azahar a tsakar gida, kafaɗarta na gogar tawa. Na faɗa wa Malam, ya ce in yi shiru, mata ba mu san kan na'ura ba."

"Su wa ke ɗakin?"

"Masu fashin salla da masu goyo. Sun rantse ba kowa a bayan abin. Amma ɗaya ta ga bakinsa yana juyawa shi kaɗai. Ni dai na ce a yi hayaƙi a ɗakin."

Kafin la'asar unguwa ta rabu biyu, masu cewa Hindatu da masu cewa aljani. Na biyun sun fi kwanciyar hankali, don ba a kai aljani kotu.

Insifekta ya zauna a mota kansa ya ɗaure. Mai kyamara tana salla. Kyamara ta ɗauka, ta goge. Hotuna kuma sun fita gari. Shekara ashirin da biyu yana aiki, ɓarawon da ya sani ƙafa gare shi.

Washegari ya kai kyamarar kasuwa wurin Muhyiddeen mai gyaran waya, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya latsa nan, ya latsa can, ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, aljanin nan yana da caji. Akwai manhajar da ake sa wa waya, a haɗa ta da kyamara. Daga nan duk abin da kyamarar ke gani kana ganinsa a tafin hannunka. Ka ɗauka, ka kwashe, ka goge, ba ka taɓa ta ba."

"Daga ko'ina?"

"A'a. Taku goma, in ta yi nisa sha biyar. Ga shi ma akwai waya ɗaya da aka haɗa tun shekara biyu da suka wuce."

"Shekara biyu? An ce mini sabuwa ce."

"Sabuwa a wurin mai ita dai."

Insifekta ya koma gidan Malam ya auna taku goma daga tagar ɗakin. Ya faɗa daidai lungun da aka kafa wa maza rumfa. Mutum arba'in suka zauna a nan ranar, kowanne da waya a hannu. Ya cire hula ya sosa ƙeya.

Ya sake kiran Hindatu. "Kin yi mini ƙarya."

Ta fashe da kuka. "Kunya na ji, yallaɓai. Na gaya wa kowa sabuwa ce. Wurin Oga Kamilu na saya, wanda ya koya mini aiki."

Kamilu mai shagon hoto ya amsa kira da ƙamshin turare, Malam na zaune a gefe.

"Ina kake ranar Asabar?"

"Ina garin Kiyawa, wurin suna. Yarinyar nan ta ba ni kunya, yallaɓai. Da ma na ce aikin nan ba na mata ba ne."

Malam ya ƙura masa ido. "Bawan Allah, ba kai na miƙa wa shinkafa a ƙarshen rumfa ba? Ka ce a ajiye, kana waya."

"Kama ce, Malam."

Insifekta ya kunna kyamarar a kan tebur. "Buɗe mana manhajar hoton da ke wayarka."

Kamilu ya buɗe. Nan take fuskarsa ta bayyana a wayar, yadda kyamarar ke kallonsa.

"Ai tsohuwar kyamarata ce, dole ta gane ni."

"Haka ne. Shiga wurin ajiyar hotuna."

Suna nan reras, daga 413 zuwa 430.

Kamilu ya zame daga kujera ya durƙusa. "Ni na koya mata riƙe kyamara. Yanzu duk suna, duk walima, sai a ce a kira Hindatu, ita ke shiga cikin gida, ni ina waje kamar mai gadin takalma. So nake a daina yarda da ita, shi ke nan. Sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai da lamba a nan," in ji Insifekta. "Kofur, sa masa ankwa."

Aka fita da shi. Aka kawo Hindatu, aka miƙa mata mayafinta da takalmanta. Malam ya yi gyaran murya.

"'Yata, ki yafe mana."

"Na yafe, Malam. Amma a bainar jama'a aka ja ni zuwa nan. Ranar Juma'a bayan salla ka faɗa da bakinka, a lasifika, cewa ba ni ba ce."

Malam ya dubi Insifekta, ko zai sa baki. Insifekta ya ci gaba da rubutu.

"Zan faɗa," in ji Malam.