Jarumin da Ya Juya wa Gabas Baya

Da rigima Labaran ya fara ganin Nafisat, a wani shagon littattafai a Doka. Yana riƙe da littafinta na aljanu yana ce wa mai shago, "Wannan zan mayar fim, amma ibadar ta yi yawa. Takobi 'yan kallo ke so."

"Malam, ni na rubuta shi," ta ce daga bayansa. "Da sallah jarumina ya kori sarkin aljanu, ba da ƙarfe ba."

Ya waiwayo, suka haɗa ido, takobi ya fice masa daga kai.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Marubuciyata, na bar sallar a fim. Ke ma ki bar ni a zuciyarki."

"Darakta, sai na ga aiki tukuna," ta mayar, tana ta murmushi ita kaɗai.

Fim ya kammala, soyayya ta nuna, magana ta je Unguwar Rimi gaban mahaifinta, Alhaji Lawan. Ya ce a kunna masa fim ɗin. Lafiya lau, har jarumi ya tayar da kabbara, jar rana na faɗuwa a gabansa.

"Tsaya! Yamma fa ya kalla!"

"Baba, hasken ne ya fi kyau ta can," in ji Labaran.

"Wanda ya juya wa alƙibla baya saboda haske, ba zan ba shi 'yata ba."

Nafisat ta sha kuka. "Zumana, haskenka ya kashe mu," ta rubuta masa.

Labaran ya sake ɗauka, ya dawo da fara'a. Jarumi na kallon gabas, rana na ɓullowa.

"Alƙibla ta daidaita," in ji Alhaji. "Amma wa ya ce maka ana sallah rana na fitowa? Ko aljanin sai ya yi dariya."

Nafisat ta durƙusa. "Baba, ka zo ka tsaya wa masu ɗaukar fim ɗin mana."

Alhaji ya je filin ɗaukar a Badarawa yana gunaguni, wai leƙawa kawai zai yi. Kafin la'asar muryarsa ta dushe: "Kai aljani, haka ake gudun Ayatul Kursiyyu? Sake!"

Aka kira sallah. Aljani ya cire ƙahonsa ya yi alwala. Alhaji ya tura Labaran gaba. "Ja mu. Ina gabas?"

Labaran ya nuna, ko sama bai kalla ba.

Da aka sallame, Alhaji ya ce, "Turo magabatanka."

Ranar biki mai hoto ya ce, "Ango, ɗan juyo nan, hasken ya fi kyau."

"Ni da haske har abada!" in ji Labaran. Amarya ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a masu sanin gabas.