Akwatin Ƙorafi Mai Makulli Biyu

Ƙarfe goma na safiyar Talata Badi'a Lawan ta shigo ofishin Sufeto Uwaisu a Bompai, ta ajiye wayarta a kan tebur.

"Yallaɓai, sati uku ke nan yana bi na. Jiya kuma hoton ƙofar gidanmu ya sa."

Sufeto ya duba. Wani mai kiran kansa Mai Gaskiya ne ke zuba mata ashar a zauren tattaunawar ƙungiyarsu na intanet, a gaban mutum ɗari biyu. Saƙon ƙarshe gajere ne: ta sauka daga shugabanci, ko su haɗu a hanyar Panshekara.

"Shugabancin me?"

"Manhaja muke rubutawa mai tsara wa ma'aikatan masana'antu lokutan aiki. A buɗe take, kowa na iya kawo gyara. Ni ce mai dubawa, in karɓa ko in mayar. Baba ya ce ranar Juma'a in ajiye musu kayansu. Wallahi tsoro nake ji, amma shekara huɗu na yi a kanta, ba na son sauka."

"Ba za ki sauka ba. Da wa kuka taɓa yin cacar baki?"

Ta ce Timoti Bulus, mai aiki a wani kamfanin jima a Challawa.

Da Sufeto ya je kamfanin, Timoti ya fito da safar hannu, yana rantsuwa bai taɓa faɗa mata baƙar magana ba. Kai, ƙarya a gaban Uwaisu! Sufeto ya karanto masa inda ya kira aikinta shirme a watan jiya, don a wannan harka ba a goge komai.

"To, na faɗa, Yallaɓai. Amma kwamitin ɗa'a ya ja mini kunne, na ba ta haƙuri a bainar jama'a."

Maigadi ya kawo rajistar ƙofa. A kamfanin, waya a bakin ƙofa ake barin ta daga shida zuwa biyu, saƙonnin kuwa duk da hantsi aka tura su. Timoti ya fita daga zargi. Kafin Sufeto ya tafi, ya ƙara yi masa tambaya ɗaya.

"Su wa ke wannan kwamiti?"

"Salama da Malam Ɗayyabu. Su kaɗai ke da makullin akwatin ƙorafi na intanet, kowa da tasa lambar sirrin."

Sufeto ya kira Badi'a. Ta ce ƙwarai, ta kai ƙorafi a asirce, har ta rubuta cewa ta daina shiga motar ma'aikata. Washegari Mai Gaskiya ya tambaye ta ko adaidaita ta fi daɗi. Ban da akwatin nan, ko ƙanwarta ba ta gaya wa ba.

Malam Ɗayyabu shi ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin roba a Sharada, kuma shi ya kafa ƙungiyar. Ya tarbi Sufeto da shayi da fara'a, ya nuna masa ƙa'idojin da ya rubuta da hannunsa.

"Ka ga ta farko: a soki aiki, kada a soki mutum. Abin nan ya dame ni. Sai dai wata guda ban leƙa akwatin ba, aiki ya yi yawa."

Salama kuwa ta juyo wa Sufeto allon kwamfutarta. Allon ya nuna ranar Alhamis da ta wuce an buɗe akwatin, da makullin Malam.

Buɗewa ba laifi ba ce, Uwaisu ya san haka. Sai ya sa Badi'a ta rubuta wa kowannensu daban. Ta gaya wa Salama za ta fake gidan goggonta a Dakata. Malam kuwa ta ce masa gidan goggon a Hotoro yake.

Laraba da hantsi Mai Gaskiya ya rubuto: "Har Hotoro zan same ki."

Kafin azahar suna Sharada, Sufeto da Saje Haruna da Badi'a.

"Malam, wa ya gaya muku Hotoro?"

"Ai kowa ya sani..."

"Babu goggo a Hotoro. Ku kaɗai aka gaya wa. Ku buɗe aljihun teburin nan."

Ƙaramar waya ce a ciki, ga hoton ƙofar gidan. Malam ya zauna daɓas.

"Ni na koya mata aikin nan, Yallaɓai! Sau uku tana mayar mini da gyarana a gaban yara, tana nuna mini kuskure layi bayan layi. Ni da na kafa abin!"

"Ta zage ku?"

Ya ce a'a.

Saje ya danna masa ankwa. Badi'a ta tsaya a bakin ƙofa, ranta a ɓace.

"Malam, gyaranku na huɗu daidai ne. Tun ranar Litinin na karɓe shi, na rubuta muku godiya a ƙasa. Ba ku duba ba?"

Bai duba ba. Ya sunkuyar da kai, Saje ya ja shi zuwa mota.