Layar Binta Mai Kitso

Ranar Juma'a bayan la'asar suka haɗu a bayan garejin da Shehu yake gyaran mota a Gyaɗi-Gyaɗi. Su huɗu ne. Lawan Kura, ogansu, yana zaune a kan tsohuwar taya yana sakace da tsinken ashana. Ƙasimu yana tsaye, ido jawur, ƙwaya ba ta gama sakinsa ba. Shehu direba ya jingina da wata fijo, hannunsa duk baƙin mai. Ta huɗun matarsa ce, Binta mai kitso, wadda ta yi wata biyu tana shiga gidan Hajiya Safara'u mai gwal a Tarauni duk Asabar. Tana yi mata kai, tana haddace ƙofofi.

"Gobe soja za su miƙa wa farar hula," in ji Lawan. "Duk wani kwalawa na garin nan, soja da ɗan sanda, yana filin rantsar da gwamna, ya ƙame yana sara wa sababbin ɓarayi. Mu tsofaffin sai mu yi namu da rana tsaka. Binta, zuba mu ji."

"Alhaji zai tafi wajen rantsuwa tun da safe. 'Yar Hajiya, Zainab, tana islamiyya sai sha biyu. Saura mai gadi, Baba Ɗanjuma, shi kuwa ko kaza ba zai iya kamawa ba. Gwal ɗin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, mukulli a haɓar zaninta. Ƙarfe goma zan shiga, in bar ƙaramar ƙofa a sake. In kun zo ku ɗaure ni tare da ita, ku mare ni ma, don kada a zarge ni."

"Marin ki bar mini," in ji Ƙasimu.

"Kai dalla rufe mana baki!" Lawan ya tofar da tsinken. "Ba harbi gobe. Bindiga ta nuni ce kawai. Ƙara ɗaya, unguwa ta fito."

Ƙasimu ya yi dariya. "Ai Madam tana da nata makamin marar ƙara. Nuna wa Oga layar mana."

Binta ta harari mijinta, don ta san shi ya yi surutun. Shehu ya sunkuyar da kai. Ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta zaro. Jar fata ce mai kusurwa huɗu, an yi mata ɗinkin koren zare, ba wanda zai gani bai ce laya ba ce. Sai dai bakinta ƙasa yake kallo. Ta kama ɗan abin da ya leƙo ta fizga. 'Yar wuƙa ta fito, ruwanta bai fi tsawon yatsa ba, an naɗe ƙotarta da irin jar fatar.

"Me wannan za ta yanka?" in ji Lawan. "Albasa?"

"Ta taɓa yanka hannun wani ɗan acaɓa da ya kauce da ni bayan Darmanawa. Tun ranar ban sake fita ba ita ba. Oga, mace ba ta da aljihu. In na sa a jaka, jakar ake fara fizgewa. In na soke a zani, ta zame in ina tafiya. Amma nan, sau nawa soja suka sauke mu a shinge suka zazzage mini jaka? Wa zai ce wa matar aure buɗe layarki?"

Lawan ya miƙa yatsa ya ja igiyar. Ta fata ce, mai kauri.

"In aka shaƙe ki da wannan fa?"

"Shi ya sa na ce baduku ya gajarce ta, ya ɗinke ƙullin. Ba ta lilo, ba ta faɗuwa, ko ni ba na iya cire ta ta ka. Hannu ɗaya, fizga ɗaya, shi ke nan."

Lawan ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya yi murmushi ya saki.

"Kina da kai," ya ce. "Gobe daga can sai kangon Hotoro. Kowa ya ware."

Washegari ƙarfe goma da rabi, Hajiya Safara'u tana zaune a kan kafet a falonta, ta jingina da gwiwoyin Binta. Talabijin na nuna fareti. An tsefe kai, an yi layi huɗu na shuku.

"Allah ya sa waɗannan su fi na baya tausayi," in ji Hajiya. "Binta, ki tuna mini kafin ki tafi, na sa an ɗebar miki shinkafa da man gyaɗa."

"An gode, Hajiya. Allah ya ƙara buɗi."

Binta ta ci gaba da kitso. Ta ji motsi a bakin ƙofar gida, kamar an yar da buhu. Sai shiru. Sai taku.

Ƙofar falo ta bugu da bango — garam!

"A kwanta! Kowa ya kwanta, don ubanku!"

Mutum biyu, fuska a naɗe da rawani. Hajiya ta buɗe baki za ta yi salati, Lawan ya cusa mata bakin bindiga a kunci. Ƙasimu ya ɗauke Binta da mari — tas! — har sai da ta ga wuta. Bai yi na wasa ba. Ya kifa ta, ya murɗe hannayenta ta baya, ya ɗaure da wayar ayan ɗin guga. Ya ɗaure Hajiya da nata gyalen.

"Mukulli!"

"Ku ɗauka, ku ɗauka, yana haɓar zanina. Don Allah kada ku taɓa yarinyar nan, kitso kawai ta zo yi."

Lawan ya yanke ƙullin da haƙori ya jefa wa Ƙasimu. Ƙasimu ya ruga cikin gida. Ƙofofi uku a jere. Ya buɗe ta farko — banɗaki. Ya buɗe ta biyu — sito. Ya leƙo da kansa yana haki.

"Ke Binta, wai wanne ne ɗakin?"

Falon ya yi tsit, sai gangar soja a talabijin.

Hajiya ta juyo da fuskarta a kan kafet, a hankali. Tsakaninsu bai fi kamu biyu ba.

"Binta," ta ce. Ba tambaya ba ce. "Ke? Me na yi miki, 'yar nan?"

Binta ta runtse ido.

"Shege jaki!" Lawan ya daka wa Ƙasimu tsawa. "Ta ƙarshen! Ɗauko ka wuce mota!"

Ƙasimu ya fito rungume da akwatin ya fice da gudu. Lawan ya soke bindigarsa a ƙugu. Ya ƙara wa talabijin murya. Ya durƙusa a kan Binta, ya birkice ta, ya zura hannu cikin wuyan rigarta. Ta yi ƙoƙarin ƙwacewa, amma hannayenta na ƙarƙashin bayanta, wayar na cin fata. Ya finciko layar, kuben wuƙar nan, da ƙarfi har igiyar ta yage mata gefen wuya. Fizga ɗaya, wuƙar na hannunsa.

"Oga, a'a! Oga, don girman Allah! Ka ce ba kisa!"

"Na ce ba harbi."

Hajiya ta fara kalmar shahada. Ta kai ƙarshenta kuwa, don Lawan ya tsaya ya jira ta, kamar mai jiran a gama magana ya karɓa. Sannan ya danne kanta da gwiwa.

Binta ba ta kalla ba. Amma ta ji. Ta ji ƙafafun Hajiya na dukan kujera, suna raguwa, har suka daina. Wani ɗumi ya biyo kafet ya taɓa mata kafaɗa.

Lawan ya miƙe ya goge hannunsa da labule.

"Kwance ni mu tafi!" in ji Binta.

"Shiri bai canja ba. Ita kaɗai ta ji, ita kuma ta daina ji. Ke ma fashi aka yi miki. Ki yi kuka da kyau."

"Wuƙata! Oga, ka bar wuƙata a can!"

Ya riga ya kai ƙofa. Ta ji fijon Shehu ta tashi a waje, ta ji ta sha kwana. Shehu bai san komai ba, umarninsa kawai ya zauna a mota da inji a kunne.

Kuben yana kwance a kan rigarta, ja, fili, bakinsa wayam. Ta sa haɓa ta tura shi, ya dawo. Ta kama da haƙori, igiyar ta yi gajarta. Ta mirgina, ta goga ƙirjinta da ƙafar kujera, tana kuka tana gumi. Ta fi rabin awa kafin ta samu ya zame cikin riga. Gawar Hajiya na gefenta, ido buɗe, rabin kai a kitse.

Sha biyu da 'yan mintoci Zainab ta dawo daga islamiyya. Ihunta ne ya tara unguwa.

Wadda ta fara shigowa Faith ce, nas 'yar Filato da ke haya a gidan kusa. Ta taɓa Hajiya, ta girgiza kai, ta rufe ta da zani. Ita ta kwance Binta, ta rungume ta.

"Sannu, 'yar'uwa, sannu. Allah ya tsare ki. Zauna, kada ki tashi."

Binta ta so ta sulale. Ta so ta shiga banɗaki ta rabu da igiyar. Amma da me za ta yanke ta? Kuma mata sun cika falon, wannan na ba ta ruwa, waccan na yi mata fifita.

Sai wajen ƙarfe ɗaya 'yan sanda suka iso, su biyu rak, don sauran suna wajen fareti. Babbansu Sufeto Ezekiel ne, dogo mai furfura a saje. An kwanto Baba Ɗanjuma daga ɗakin gadi, kansa a fashe. Ya ce mutum biyu ya gani, fuska a rufe. Sufeto ya durƙusa a gaban gawar, ya ɗago 'yar wuƙar da hankici, yana juya ta.

"Ɗan fashi da bindiga, ya zo da wannan?" ya ce. "Wannan ai ba ta namiji ba ce."

A lokacin ne Faith ta dawo da auduga da aidin.

"Wayyo, dubi yadda suka ji miki a wuya. Bari in ɗaga layar nan in wanke miki."

"A'a, bar shi, ba komai —"

"Haba, zai yi ruwa fa."

Ta ja igiyar da yatsa biyu, a hankali don kada ta fama mata. Kuben ya fito. Jar fata, koren zare.

Sufeto ya kalli abin da ke hannunsa. Ya kalli ƙirjin Binta. Ya tako, ya kama kuben, ya zura wuƙar. Ta shige — ƙyas! — kamar ba ta taɓa fita ba.

Faith ta ja da baya, audugar ta faɗi daga hannunta. Zainab ta yi kukan kura ta shaƙi Binta da igiyar nan, sai da mutum uku suka ɓanɓare ta. A waje samari sun fara neman taya da fetur. Da harbi sama kofur ya samu ya jefa ta mota.

A caji ofis ba su sha wahalarta sosai ba. Kulki biyar ta ɗauka a gwiwa. Ba zafin dukan ne ya buɗe mata baki ba. Lawan take hangowa, yana goge hannu da labule.

"Zan faɗa. Lawan Kura ne ya yanka ta. Suna wani kango a Hotoro, bayan gidan bulo. Amma Yallaɓai, mijina yana can, Shehu, tuƙi kawai ya yi, ko ƙofar bai taka ba. Ba ya riƙe makami. Don Allah ku kamo shi da rai."

"Za mu gani," in ji Sufeto.

An dawo daga fareti, motoci biyu suka cika suka tafi. Binta ta zauna a bayan kantar 'yan sanda tana kallon rana na sauka ta taga. Gab da magariba ta ji jiniya. Aka fito da ita tsakar gida da ankwa, aka sauke murfin bayan a-kori-kura.

Ƙasimu ne a sama, baki buɗe. A ƙarƙashinsa ta ga wani hannu ya leƙo, baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Ba ta yi ihu ba. Ta ƙura wa hannun ido.

"Wancan ya fara harbi," in ji kofur. "Wannan kuma ya ruga zai haura katanga."

"Ina Lawan?" in ji Binta. "Ina akwatin?"

"Ba akwati. Mai gidan bulo ya ce tun azahar wani ya fita da jaka ya hau acaɓa, wai zai kirawo mai saye."

Sai a lokacin ta gane. Ba mantawa ya yi da wuƙar ba. Ya san za a kama ta, ya san za ta faɗi Hotoro, ya kuma san abin da 'yan sanda za su tarar a can.

"Yallaɓai, ku bi shi! Shi ne ogan! Mu huɗu ne!"

Sufeto Ezekiel ya cire hularsa ya share gumi. Gajiya ce kawai a fuskarsa.

"Mai gadi ya ga maza biyu. Ga maza biyu. An yanka mace da wuƙa, ga gidan wuƙar a wuyanki. Manya sun ce sabuwar gwamnati ba za ta kwana da wannan a ranarta ta farko ba. Ku uku ne, Binta. Ke ce ta ukun."

Ranar Lahadi da safe aka kai Hajiya Safara'u. Shehu kuwa ba wanda ya je karɓar gawarsa, 'yan'uwansa suka ce ba su san shi ba. Alhaji ya sallami Baba Ɗanjuma, ya koma ƙauyensu da ido ɗaya. Zainab ta daina magana da kowa har aka cire ta daga makaranta. Faith ta tashi daga unguwar kafin wata ya ƙare.

Binta ta yi shekara huɗu tana jiran shari'a, ta faɗi sunan Lawan a gaban alƙali har sau uku, magatakarda bai ko ɗago kai ba. Aka yanke mata hukuncin kisa, aka mayar da ita gidan yari ta jira sa hannun gwamna.

Ana dab da wani zaɓen aka kawo wata mai sayar da abinci daga Gyaɗi-Gyaɗi, an kulle ta kan faɗa. Binta ta matsa kusa da ita a layin karɓar gabza, tuwon gidan yari.

"Kin san wani Lawan Kura?"

"Wa bai san shi ba? Shi ke tara wa 'yan siyasa samari. Jiya-jiyan nan ya wuce ta gaban rumfata cikin farar shadda." Matar ta miƙa kwanonta. "Sai dai ki daina cewa Kura. Yanzu Alhaji ake ce masa."