Goran Irin Albasa a Ɗakin Inna

Ranar da aka ba yara hutun ƙarshen shekara, ina tsugune bakin murhu ina tuƙa tuwo, Ummi ta shigo da gudu da takardar sakamakonta a hannu. Ba wurina ta nufa ba. Ɗakin Inna ta wuce, don haka aka saba mata. Na ci gaba da tuƙi ina jiyo dariyarsu ta bayan labule.

Sunana Safinatu. Ni 'yar Bodinga ce, aure ya kawo ni Lambara. Mijina Kamilu manomin albasa ne. Ya rasu shekara ɗaya da wata takwas kafin wannan hutu, motar da ta ɗauko su daga kasuwa ce ta faɗi. Ya bar ni da ɗiya ɗaya, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa muke ce mata Ummi. Da na fita takaba na ɗaure kayana zan koma gidan Kawu Yahaya a Bodinga, tunda iyayena sun daɗe da rasuwa. Inna, uwar mijina, ta tsaya bakin ƙofa ta ce in sauka lafiya, Allah ya ba ni wani mijin, amma takwararta ba inda za ta. Sai na kwance kayan. Tun daga ranar nake zaune a gidan, ni ba matar aure ba, ni ba baƙuwa ba.

Ba zan ce Inna muguwa ce ba. Baban Ummi ɗan farinta ne, kuma kunyar ɗan fari irin ta mutanen da take yi. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gonar". Ranar da aka kawo gawarsa ba wanda ya ga hawayenta. Abin da ta yi kawai, ta shiga ɗakina ta ɗauke goran da yake ajiye irin albasarsa, ta rataye shi saitin gadonta. Irin da ya sussuke da hannunsa ne mako biyu kafin ya rasu. Da lokacin shuka ya zo, ƙaninsa Bashiru ya roƙi a ba shi, ta hana. Gonar fadama ta shekara ba kowa, Bashiru ya koma Ikko wurin sana'arsa.

Malam Ubaidullahi shi ne malamin su Ummi a firamare. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, ba ita ba jaririn. Ya fara da aiko gaisuwa, daga baya ya je ya ga Kawu aka ba shi izini, yana zuwa zaure duk Juma'a bayan la'asar. Inna ba ta hana ba, ba ta kuma taɓa amsa gaisuwarsa ba. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya sa ya shiga raina, bai taɓa cewa in manta da baban Ummi ba. In na kawo zancensa sai ya saurara, shi ma ya ba ni labarin tasa matar, mu yi musu addu'a tare.

A ranar hutun ya zo, ko da yake ba Juma'a ba ce. Ya ce an yi masa tiransifa can wajen Gwadabawa, da an koma karatu can zai kama aiki. Ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ta gaji da jira, ta ce in shekara ta fita ba magana tsayayya, akwai ɗiyar ƙanwarta, kuma ba zai iya ja da ita ba.

Na ce, "Malam, in ba da Ummi ba, ba ni tahiya."

Ya ce, "Na sani. Da kin ce za ki tahi ki bar ta, da ban ƙara tako gidan ga ba."

Ya ce ba zai kira ni ba, don kada ya ƙara mini nauyi a kan wanda nake ɗauke da shi, amma wayarsa tana hannunsa har ranar ƙarshe ta Disamba. Na bi babur ɗinsa da kallo har ya sha kwanar masallaci.

Duk wanda ya san garinmu ya san yadda ƙarshen shekara yake. An gama girbi, 'yan Ikko da 'yan Fatakwal sun dawo, kowace Asabar sai an ɗaura aure biyu ko uku. Mata suna wucewa ta ƙofar gidanmu cikin anko, ƙamshin turarensu yana shigowa har madafa. Inna takan shirya Ummi su tafi, ni in tsaya tsaron tukunya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ko a cikin takaba, don a lokacin mutane suna shigowa gaisuwa. Nakan ɗauki wayata in duba, in tabbatar akwai caji, in mayar ƙarƙashin filo.

Ban zauna haka kawai ba. Na je wurin matar liman ta kai masa tambayata a kan riƙon Ummi. Amsar da ta dawo da ita, in na yi aure ba ni da ƙarfin ja, sai dai roƙo. Kawu ya tako da kansa daga Bodinga, Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura, ta faɗa masa abin da ta faɗa mini. Da Bashiru ya dawo, ya kawo wa Ummi takalmi mai wuta a dunduniya, na tare shi a zaure. Ya fara da tsokanarsa, wai matar Yaya ta samu mai biro ta raina masu fartanya. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya sunkuyar da kai, ya ce shi da ya kasa karɓar gora a hannun Inna, ina zai iya karɓar mutum.

Akwai abin da na ɓoye wa kowa. Baban Ummi ya sha faɗa mini cewa irin albasa ba kamar gero ba ne, in ya wuce shekara yakan fara mutuwa a inda aka ajiye shi. Maganar nan ta hana ni sakat duk lokacin da na shiga shara na ga goran a rataye. A farkon Nuwamba, ranar da Inna ta tafi ta'aziyya Mandera, na sauke shi na ɗibi tafi uku. Na kafce ƙasa a lungun bayan ɗakina, na yafa, na rufe da ciyawa kamar yadda na ga yana yi. Abin da ya tsiro bai fi faɗin tabarmar salla ba, shi ma jefi-jefi. Duk da haka shi ne abokin hirata. Safe da yamma ina ba shi ruwa, in tsuguna in yi ta kallonsa. Zuwa ƙarshen Disamba ya isa dashe, bakin ganyen ya fara ja, ni kuwa ba ni da inda zan kai shi.

Saura kwana uku shekara ta fita, Ummi ta bi ɗan tsako har lungun. Ta tsinko ganye ta ruga tana cewa Inna ta zo ta ga albasar Mama. Ina wanke-wanke na ga Inna ta shiga ɗakinta, ta fito da goran tana jijjiga shi kusa da kunnenta. Ta wuce ni zuwa lungun, na bi ta hannuna duk kumfa.

Ta ce, "Ke kit taɓa goran ga?"

"Ni ta, Inna."

"Nawa kiɗ ɗiba?"

"Tahi uku."

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta tsuguna, ta sa yatsa tana bin tsiron. Inna ɗiyar manoma ce, matar manomi, ta san tafi uku na iri mai rai ya isa ya cika rabin gonar.

A hankali ta ce, "Tahi uku, wanga ɗai yat tsiro?"

Na ce, "Mutuwa shikai cikin gora, Inna. In ya ƙara shekara ko ɗaya ba ya tsira. Ban iya zama ina kallo ba."

Daga nan kuka ya ƙwace mini. Na ce ta yi mini duk hukuncin da ta ga dama. Na ce ta kwantar da hankalinta, na fasa auren, zan zauna a gidan har ranar da za a kai Ummi ɗakin miji. Ta miƙe ta dube ni, irin kallon da ba ta yi mini ba tun ranar da na kwance kaya. Ta kama hannuna ta ɗaga, awarwaron da baban Ummi ya saya mini ya zame har gwiwar hannu, alhali da da sabulu nake cire shi. Ta sake ni, ta koma ɗaki da goranta.

Ranar ba ta ci tuwo ba, washegari ma haka. Ni kuwa na riga na sallama. Na rubuta wa Malam saƙon ban haƙuri, na goge, na sake rubutawa, na kasa turawa. Da hantsi ranar talatin ga wata na ji ta kira Bashiru. Ta ce ya fito da injin ban ruwan yayansa ya je ya gyara fangali a fadama. Har ya juya ta ƙara da cewa ya kira malamin nan, ya ce masa gobe akwai dashe.

Ban san yadda Bashiru ya isar da saƙon ba. Na dai san Malam ya iso da safe cikin farar shadda da hula, da ƙullin goro a bayan babur, yana zaton zaman manya za a yi. Bashiru ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, yau ba alli, taɓo na." Malam ya kafe babur ɗinsa. Ya cire babbar riga da takalmi, ya naɗe wando, ya shiga.

Inna ta sa aka shimfiɗa mata buhu a gindin wata bedi, wato dogon yaro, Ummi a gefenta. Ni na biyo su da fura. Gaskiya Malam bai iya ba. Yana tura tsiron can ƙasa har ganye, layinsa a karkace. Inna ta yi ta gyara masa daga inda take, tana cewa ba gawa yake binnewa ba, ya bar wuyan a waje. Wannan ce maganar farko da ta taɓa yi masa. Yana cewa to Inna, yana tonowa yana sakewa.

Ana cikin haka Ummi ta sulale ta shiga fangalin don ta nuna wa malaminsu takalminta. Santsi ya kwashe ta, ta faɗa kan layin da aka gama, ta fasa kuka. Bashiru ya daka mata tsawa. Malam ya ɗauke ta ya zaunar a kan kunya, ya wanke mata fuska da ruwan kwatar ban ruwa, ya buga dunduniyar takalmin a tafinsa ya nuna mata wutar tana nan. Sai da ta yi dariya ya koma kan tsiron da ta danne, yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ya karye, ya ɗaga shi yana tambayar Bashiru ko zai yi rai in an mayar. Inna ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

Fangali huɗu kacal tsiron ya cika. Kafin azahar an gama. Inna ta ce Malam ya matso. Ya zo ya durƙusa, taɓo har gwiwa.

Ta ɗora hannu a kan Ummi ta ce, "Yarinyag ga ɗiyar Kamilu ta."

Ni da Bashiru muka dubi juna. Muryarta ta karye a kan sunan, hawayen da ba ta zubar ba ranar jana'iza suka zubo, ba ta kuma share ba.

"Ban taɓa kiran sunanai ba yana da rai. Da yat tahi na riƙe irinai, har ya kusa ƙarewa a hannuna. Ba ni riƙe ɗiyatai haka, ba ni riƙe uwatta. Ku tahi da ita. Amma duk hutu a kawo min takwarata, ƙarshen shekara kuma ku zo dashe. In ka kai ta makaranta can, sunan ubanta za ka rubuta."

Malam ya ce, "Sunanki da nashi, Inna, ni na rubuta su a rajista tun bara. Haka za su zamna."

Ta gyaɗa kai, ta ce ya tashi ya wanke ƙafa, goron nan kuma ba nata ba ne, ya kai wa Kawu Yahaya tun rana ba ta faɗi ba.

An ɗaura aure a Bodinga kwana tara bayan haka. Albasar fangali huɗun nan ba a sayar da ko ɗaya ba. Bashiru ya adana ta a rudu, rumbun albasa, ya mayar da ita ƙasa da shekara ta zagayo, ta yi fure ta ba da sabon iri. Yanzu shekara uku ke nan, ya bar Ikko, rabin fadamar irin yayansa ne. Goran yana nan saitin gadon Inna, sai dai duk Nuwamba ita da kanta take sauke shi ta juye. Malam har yau layinsa a karkace yake, har yau tana yi masa faɗa.

Abin da na koya, ga duk wadda ta tsinci kanta a inda na tsinci kaina: wanda ya tare miki hanya ba lallai ne maƙiyinki ba, wataƙila shi ma ciwo ne yake ɗauke da shi bai san inda zai ajiye ba. Ki yi haƙuri da shi, amma kada haƙurin ya zama naɗe hannu, ki ci gaba da ba ɗan abin da ya rage miki ruwa. Masu riƙo kuma su ji tsoron Allah. Abin da mamaci ya bari mai rai, ba a rataye shi don tunawa, barinsa ake yi ya rayu. Allah ya jiƙan Kamilu, ya jiƙan dukkan namu da suka riga mu.