Taku Uku Daga Rabon Isma'il

Duk wanda ya zauna Omdurman kafin yaƙi ya san benen Hamuda, amma ba kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Mahaifinsu ya rasu, aka raba gida biyu, shi da ƙanensa Isma'il. Hamuda ya ci burin gina bene ya zuba 'yan haya, mai awo kuwa ya ce sai an ƙara taku uku. Takun nan suna rabon Isma'il, bayan ɗakin Iya mahaifiyarsu, inda dogonyaro yake. Isma'il ya ƙi sayarwa, ya ce a nan Iya ke shan inuwa.

Da rana tsaka Hamuda ya bi wani lungu bayan Kasuwar Libiya, wurin wani boka. Ɗakin bokan ba taga, sai ƙarni, da ƙwarya cike da busasshen jini, da ƙahoni rataye. Bokan bai ɗago kai ba.

"Ya zol, bawan Allah, ƙasar kake so ko bakin ɗan'uwanka?"

"Duka biyu."

Bokan ya tsoma ƙusa huɗu a jinin baƙin bunsuru. "Ka kafa su inda kake son iyaka ta koma. Amma duk abin da ke binne a takun nan, na aljanun ɗakin nan nawa ne."

Hamuda ya gane. Iya na binne mabiyar jarirai a gindin dogonyaro, yadda kakanni suka zo da al'adar daga ƙasar Hausa, kuma a ɓangaren nan matar Isma'il ta yi jego sau uku. Ya tuna fuskokin yaran, ya kau da kai.

"Halas, na yarda."

Aka sare itacen, katanga ta matsa. Sau uku Isma'il na zuwa ofishin filaye, harshensa na sarƙewa. Ya haƙura, amma bai ƙara kiran Hamuda yaya ba. Bene ya kai hawa huɗu, 'yan haya suka cika shi. Hamuda kuwa yana ta sauraron jin kuka daga gidan ƙanensa.

Sai ɗan Hamuda na cikinsa, Salahuddin, ya faɗo daga saman bene ya mutu. Ba a yi sadakar arba'in ba, 'yarsa Su'ad ta fara tonon siminti da farce tana dariya.

Ya durƙusa gaban Iya, ya faɗi komai. Ta dube shi ta ce:

"Matar Isma'il a asibiti ta haihu, ba a ba mu komai ba. Taka ce ta haihu a hannuna. Naka ne a gindin itacen nan, Hamuda, su biyu."

Ya koma lungun bokan. "Ka cuce ni."

"'Ya'yan ɗan'uwanka ka zo bayarwa," in ji bokan. "Ni ban tambayi na wa ba."

Yau benen kango ne, Hamuda na zagaya shi yana auna ƙasa da ƙafa. Kai mai hangen katangar maƙwabci, ka ji tsoron Allah, domin ramin da ka gina wa ɗan wani, naka zai fara faɗawa.